Zumunci a Hawa na Tara

Tun a cikin lif Ɗelu ta danna maɓallin ɗaukar murya. Ta mayar da wayar jaka, ta bar zif ɗin a buɗe. Lahadi ta talatin da ɗaya ke nan tana yin haka.

Su goma sha ɗaya ne, Kiristocin arewacin Najeriya da karatu ko aiki ya kawo Kuala Lumpur. Bayan azahar suke haɗuwa a falon Baba Yohanna, a hawa na tara a unguwar Wangsa Maju. Dattijon ya ce za su bi tafarkin masu bi na farko: a ci tare, a ƙarfafa juna, kuma kafin a raba gurasa, duk wanda zuciyarsa ta yi nauyi ya tashi ya faɗi laifinsa a gaban 'yan'uwa.

Wannan al'adar ce ta kawo ta.

Shekara tara da suka wuce wata mota ta banke mijinta Iliya a hanyar Zariya, direban bai tsaya ba. Wani mai shayi ya riƙe lambar motar, aka je caji ofis, amma uban direban babban mutum ne. Magana ta mutu. Sunan direban Istifanus. Yanzu yana digiri na uku a nan, shi ke kaɗa jita a zumuncin. Saboda shi ta nemi karatu a Malesiya. Muryarsa kaɗai take so yana amsa laifin, ta aika wa lauya da hukumar da ta ɗauki nauyin karatunsa, ya koma gida ya tarar da ankwa.

Sun karɓe ta hannu bibbiyu. Ba wanda ya taɓa tambayarta garinsu, balle labarin miji. Da zazzaɓin dengi ya kwantar da ita, kwana shida suna karɓa-karɓa a bakin gadonta. Istifanus ne ya riƙa zuwa kasuwar Chow Kit yana samo ganyen gwanda ana matse mata. Ta sha, ta yi godiya, ta ƙara tsanarsa.

Duk Lahadi idan aka zo wurin furta laifi, sai ya yunƙura kamar zai tashi, ya koma ya zauna. Baba Yohanna yakan dafa kafaɗarsa ya ce, "Ba komai, ɗana, Ubangiji ya ƙara ƙarfi. Jama'a, a zo a yi makan lah, a ci abinci, tuwon nan ba ya jiran kowa."

Yau Istifanus ya tashi.

Ya jingine jitar a bango. Ɗelu ta ɗora jakar a cinya, ta juya bakin jakar wajensa. Sai ta lura ba wanda ke kallonsa. Ita duk suke kallo. Matar da ke gefenta ma ta riƙo hannunta.

Istifanus ya tako ya durƙusa a gabanta.

"Anti Ɗelu, fito da wayar, a cikin jaka ba za ta ɗauka da kyau ba. Na gan ki a caji ofis, ban manta fuskarki ba. Tun ranar da kika fara shigowa na faɗa musu ke ce matar mutumin da na kashe, wata bakwai ke nan suna roƙa mini ƙarfin halin da zan faɗa miki."