Buhun Albasa da Lambar Gambo

"Mi kake gogewa tun safe, Malam?" Fadila ta tambayi mijinta Nazir, mai gyara manhajar dillalan albasa na Aliero.

"Sunayen bayanai nike sauyawa," ya ce yana hura hanci. "Kamar buhu ne: ki goge sunan jikinsa ki rubuta wani, albasar ciki tana nan. Ba za ki gane ba."

Ta ce to, ta kai masa wayarsa caji.

Da azahar ya tura wa abokinsa Gambo saƙo: "Miyar Fadila yau gishiri zalla. Jira ni a Jega mu ci tsire."

Wayar Fadila ta yi ƙara a kicin. Can amsa ta iso, da sunan Gambo: "Na gane, Malam. Suna kawai na sauya, albasar tana nan."