Tarin Nomau Mai Cin Dusa

An ce bakina ya fi ƙafata sauri, amma masu faɗin haka su ne ke rige-rigen shimfiɗa tabarma in na buɗe shi. To, ranka ya daɗe, tunda ka ce binciken cutar dabbobi ɓata lokaci ne, gara a ƙaro allura kowa ya huta, gyara zama ka sha misali kyauta.

A wani gari da ke tsallaken gulbi an yi wani mai jajayen awaki, Nomau, wanda in zai kai garkensa rafi sai ya bi ta tsakiyar kasuwa, ko da yake hanyar rafi ba ta nan take ba, don dai a gani a yaba. Duk shekara malamin dabbobi, Malam Zubairu, yakan kawo musu allurar rigakafi cikin kula mai ƙanƙara, ɗaure a bayan babur. Shi kuwa maganin nan ba ya shiri da zafi. Kafin a gama ramukan hanya, a jira kwalekwale, a haye, ƙanƙara ta koma ruwan ɗumi, magani ya mutu a kwalba. A soka wa akuya allura ta yi kuka, mai ita ya yi godiya, alhali ruwa aka ɗura mata. Malam Zubairu ya sani, abin yana cin ransa. Rannan ya tara masu kiwo ya ce akwai masana a birni da ke ƙoƙarin haɗa maganin da zai jure rana ba sai da ƙanƙara ba, amma sai sun san irin cutar da ke yawo a yankin. Don haka za su zo su yi bincike, su ɗebi jinin awaki kaɗan-kaɗan.

Duk jawabin nan kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Nomau: bincike. A saninsa bincike shi ne 'yan sanda su shigo su ɗaga katifa. Shi ne kuma abin da masu jangali suka yi wa ubansa, suka ƙirga shanu har da ɗan maraƙin da bai fito daga ciki ba. Kada ka yi masa dariya da yawa, wanda maciji ya taɓa sara ko tsumma ya gani gudu yake. Ya bi gida-gida yana raɗa wa mutane: "Yau jini, gobe haraji." Ranar da baƙi suka iso, gari kaf babu akuya ko ta magani. Ga turaku, ga ragowar harawa, ga kashi sabo, amma kowa ya ce rabonsa da kiwo tun zamanin kakansa. Likitar da ta jagoranci baƙin ta shiga gidan Nomau, tana cikin gaisawa sai wata akuya ta ce "meee" daga cikin rumbu. Ta dube shi. Nomau ya dafe ƙirji ya ce, "Tari ne, Hajiya, ya daɗe yana damuna." Matarsa Hansai, daga bakin murhu, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Allah ya sawwaƙe, Malam. Tarin nan naka har dusa yake ci." Baƙi suka tattara kwalabensu wayam suka nufi wani yanki, Nomau ya rako su har bakin gulbi yana jin ya ceci gari.

Damina na ɗaukewa annoba ta sauka. Majina, zawo, baki ya yi gyambo, akuya ta tsaya ta sunkuyar da kai gaban dusa ba ta taɓa ba. Wadda aka yi wa allura da wadda ba a yi wa ba, tare suke faɗuwa. Nomau ya jiƙa sassaƙe, ya dama kanwa, ya yi turare, duk a banza. Ya daina bi ta kasuwa. Da turakunsa suka koma itace tsirara, saura akuya ɗaya tal, ita ce kuwa mai tarin nan ta cikin rumbu, sai ya saɓa ta a wuya, ya haye gulbi, ya dire ta gaban Malam Zubairu. "Ga ta nan, Malam. A ɗebi jinin, a ɗebi nawa ma in ana so, a haɗa maganin yau in koma da shi." Malam Zubairu bai yi masa gori ba. Ya ba shi ruwa ya sha, ya duba akuyar, sannan ya ce aikin nan ba dafa shayi ba ne: a gwada, ya ƙi, a sake gwadawa, damina ta wuce wata ta zo. "Jinin da za a ɗiba yau ba don ita ba ne, Nomau, don jikokinta ne." Nomau ya shafa wuyanta, ya kama mata kai da hannunsa ya ce a ɗiba.

Akuyar dai ta sha da ƙyar. Da masu bincike suka dawo, Nomau ne a gabansu yana buɗe rumbunan mutane, yana shaida wa kowa cewa shi ya kawo shawarar tun farko. Ka ji irin ƙaryar da in ni na yi ta sai a tara mini gari.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ka ƙaro allura cike da mota in ka ga dama, in ta mutu a hanya ruwa ka raba wa awaki. Wadda ba ta mutuwa kuwa tun garke yana lafiya ake fara nemanta. Hausawa sun riga ni faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan: ba a fafe gora ranar tafiya.