Tudu na Uku

Tun da aka kafa dokar rijiyoyi, Inna Delu ce ke kai ruwan rijiyar unguwarsu ɗakin gwaji duk ranar Talata. Wata na'ura a can takan zuƙi ruwan ta wani siririn bututu, ta rarrabe abin da ke ciki, ta zana tuddai a allo. In tudu biyu ne, rijiya ta tsira. In uku ne, sai a toshe ta da siminti.

Yau layin da ke allon ya hau ya sauka, ya sake hawa ya sauka. Delu ta fara sakin numfashi ke nan, sai layin ya ƙara ɗagawa.

Tanimu mai gwajin ya matso kusa da allon.

"Inna, wani abu ya shiga ruwan nan?"

"Ko kaɗan, ɗan nan. Addu'a kawai na tofa masa a hanya."

Ya dubi jajayen haƙoranta. "Da goro a bakinki?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. "To, bari in koma in ɗebo wani."

"Na'urar ba ta jiran kowa, Inna. Ta riga ta aika da sakamakon."

A waje, aka tayar da motar siminti.