Jar Mota Mai Kujera Biyu

Kuɗinsa mota ɗaya za su saya, ita ma ta hannu. Ya kai bazawarar da zai aura wurin dillali, ga motoci biyu masu gudun tsiya: baƙa mai ƙofa huɗu, da ja mai kujera biyu tak.

Ya shafa jar yana murmushi. "Wannan na zaɓa. Daga ni sai ke."

Ta leƙa ciki. "'Yata fa? A ina za ta zauna?"

Ya sosa ƙeya. "Ai na ɗauka wurin kakarta za ki bar ta."

Wata takwas yana kawo wa yarinyar alewa, ashe bai taɓa sa ta a lissafi ba.

Ta gyara mayafinta a hankali. "Sayi abarka. Kujera ɗaya ma ta ishe ka."