Layin da Mama Ta Bari Babu Suna

Ina 'yar shekara tara a lokacin. Wata Asabar ce da la'asar, muna ɗakin ƙasa na cocinmu a garin Beltsville na Amurka, saura kwana biyar a tura Yaya Ishaya yaƙin Iraƙi. Matan zumunta suna rubuta allunan ƙin yaƙi, ɗakin ya cika da warin fenti da ƙamshin ƙosan da Mama ta soyo. Ita kuwa ta kasa zama. Ta gyara ɗaurin zani, ta leƙa taga, ta dawo.

A kan tebur akwai takardar sunayen sojojin da za a yi wa addu'a washegari. Mama ta rubuta sunan Yaya, yatsanta ya bar tabon mai a gefe. Sai ta ja layi a ƙarƙashinsa, ta bar shi haka.

Baba Fasto ya duba ya ce, "Maman Ishaya, wannan fa? Kin manta sunan ne?"

"Ban san sunansa ba, Baba. Na wanda zai tsaya gaban bindigar ɗana ne. Shi ma uwa ce ta haife shi."

Haushi ya kama ni. Na ja zaninta na ce, "Mama, Yaya kaɗai za a yi wa!" Ta riƙe hannuna.

Yaya ya dawo da ransa, amma ba ya zancen can. Ni kuwa har yau, duk lokacin da na durƙusa yin addu'a, sai na tsaya a kan layin nan, ina laluben sunan da ban sani ba.