Sunan da Na'ura Ba Ta Ji Ba

Tun da aka kafa na'urar ƙirga kalmomi a kowane gida, da ita kotu ke raba 'ya'ya idan aure ya mutu.

Ma'aikacin kotu ya duba allonsa. "Hajiya, a bara tsohon mijinki ya ambaci sunan 'yarku Rumasa'u sau dubu biyu. Ke kuwa ko sau ɗaya ba ki ambata ba. Shi za a ba wa ita."

Na ƙare masa kallo. Wai ɗan Bahaushe ne wannan, har da digiri, bai san uwa ba ta kama sunan 'yar fari ba.

"Malam, to me na fi faɗa?"

Ya latsa. "'Kin ci abinci?' Sau dubu huɗu."

"Uban fa?"

"Babu. Amma ai wannan ba suna ba ne, Hajiya."

Ya buga hatimi.