Rigar da Aka Kawo Ragi

Tela bai ɗago kai ba da budurwarsa ta shimfiɗa rigar a kan teburinsa. Idonsa na kan tambarin wuyan, sunan kamfanin da ko a mafarki ɗinkinsa ba zai saya mata kayansu ba. Nan take ya tuno manajan ofishin da take aiki, mai yawan rage mata hanya a mota.

"A rage min ƙugun," ta ce.

"Shi wanda ya saya bai san awonki ba ne?" Ya damƙe almakashi kamar zai karya shi.

Ta zuba masa ido har ya kau da kai. Sannan ta juya hannun rigar, ta nuna masa tsohuwar ƙunar dutsen guga.

"Gwanjo ce, sarkin kishi. Sai da ƙafata ta kumbura a kasuwa kafin na samo ta. So nake yayyenka su gan ni fes."

Ya ajiye almakashin. "Yaushe za su gan ki?"

Ta ɗauki jakarta. "Ni ma kai nake jira ka faɗa min."